New Bell: Dokar Sauyin Yanayi ko Sabon Jan Fenti?

Da sunan kiwon lafiya aka haifi unguwar New Bell. A shekarar 1910 Jamusawan da ke mulkin Kamaru suka ƙulla shirin raba mutanen Duwala da filayensu na bakin kogin Wouri, musamman tudun Joss inda zuriyar sarki Bell take zaune, domin su mayar da wurin unguwar Turawa zalla. Hujjar da likitocinsu suka kawo ita ce sauro. Wai jikin baƙar fata ne rumbun zazzaɓi, sauro ya ciji ɗan ƙasa ya tashi ya ciji Bature. Magani kuwa, a tura 'yan ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda a tsakani, ba gida ba bukka, yadda sauron zai gaji kafin ya ƙetare. Wurin da aka ware musu a bayan wannan fili, mai fadama da taɓo, shi ne New Bell. Rudolf Duala Manga Bell ya ce yarjejeniyar 1884 ba ta ba Jamus ƙasar kakanninsa ba. Ya kai koke har majalisar dokokin Jamus, ya tura sakatarensa Ngoso Din can. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye su duka biyun. Kafin watan Satumba na wannan shekara ya ƙare, Jamusawan da kansu sun rasa Duwala.

Yawancin 'yan Bell sun ƙi tarewa a sabon wurin, daga baya suka zauna a unguwar Bali. Abin da masu gari suka raina sai baƙi suka cika shi: fataken Hausawa masu goro da tufafi, mahauta, malamai da almajiransu, sannan Bamileke da Basa da Ewondo da sauran waɗanda aikin tashar jiragen ruwa da na reluwe ya jawo. Shi ya sa har gobe ake jin New Bell Hausa, New Bell Bamileke, Kongo, Makea, Nkololoun, Kassalafam. Hukumar mulkin mallaka ta daɗe tana kallon wurin a matsayin zangon baƙi da za su tashi wata rana, don haka ba ta damu da ja masa titi ba, balle kwata. Aka yi ta gini yadda hali ya yi, ɗaki na jingine da ɗaki, wani lungun ko mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa.

Na tono wannan tsohon zance ne saboda an sake fara haɗa doka da lafiya da wurin zaman talaka, wannan karon da sunan sauyin yanayi. A Disambar 2023, a taron yanayi na Dubai, aka keɓe wa batun lafiya yini guda sukutum, karo na farko tun da aka fara waɗannan taruka, ƙasashe fiye da 120 suka sa hannu a kan sanarwa. A Mayun 2024 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da nasa ƙudurin. Hukumar ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 za a riƙa samun ƙarin mace-mace wajen 250,000 duk shekara ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Ƙasashe suna ta rubuta dokoki. Ni ina goyon bayan Kamaru ta samu cikakkiyar doka ta majalisa a kan wannan al'amari. Sai dai wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Duk dokar da aka kawo, tambayata guda ce: wa ta ɗora wa nauyi? In talaka kaɗai ta ce wa kar ka kuskura, ba ta ce wa hukuma sai kin yi ba, to mun riga mun ga irinta tun zamanin Jamus.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne sarkin Duwala. A shekara ana samun tsakanin milimita 3,500 da 4,000, wajen ninki huɗu na abin da ke sauka a Kano, kuma Yuli da Agusta su ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Birnin yana kwance ne a bakin teku, ruwan teku na tasowa sau biyu a yini ya tura ta cikin Wouri da rafukansa. Idan aka yi rashin sa'a ruwan sama ya kece a daidai lokacin da teku ta taso, magudanar ba ta da inda za ta zubar, sai ta tumbatsa ta juyo da baya. Masana sun nuna cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100, wato in ta tashi saki, da yawa za ta saki. Tsakanin 2006 da 2018 kuma tekun duniya ta riƙa tashi da kimanin milimita 3.7 a shekara. Ido ba ya ganin wannan a shekara guda, amma mutanen Cap Cameroun da tsibirin Manoka, waɗanda teku ke cin gaɓarsu, ba sa buƙatar a karanta musu rahoto. Kurmin fadamar bakin teku da ke tare igiyar ruwa ana ta sare shi domin banda kifi, ana cike gurbinsa da ƙasa ana gini. Ambaliyar Agustan 2000, ta Yunin 2015 da ta Agustan 2020 duk suna nan a bakin mutane.

Shiga wani gidan haya a lungunan New Bell washegarin irin wannan ruwa. Katifu suna jingine da katanga, littattafan yara a baje a kan rufin kwano, shatin ruwa a bango har gwiwa. Dokin ƙofa an ƙara masa bulo biyu, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga ɗaki. Amma ba nan haɗarin yake ba. Duba tsakar gida, ga rijiya, marar zurfi, a wasu gidajen igiya gaba biyu ta isa guga ya taɓa ruwa. Taku biyar ko shida daga bakinta ga masai, shi ma rami ne, a cikin yashi ɗaya aka haƙa su. Ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya taso ba ya tambayar wane rami ne na ɗiba, wane ne na bayan gida. Uwargida za ta ce maka ai ba sha ake yi ba, na wanki ne da wanka. Gaskiya ta faɗa. Amma da shi ake wanke kwanuka, da shi ake ɗauraye salak da tumatir, da shi yaro ke kurkure baki in ya zo alwala, kuma ranar da famfo ya ɗauke ya yi kwanaki, kuɗin ruwan leda ya ƙare, kowa ya san inda ake komawa. Wani mai gidan ma, don gudun kuɗin motar kwasar masai, sai ya jira ruwa ya kece da dare ya buɗe ramin ya bi kwata. Wanda ya biya motar kuwa, shekara da shekaru abin da ta kwasa a Bois des Singes take juye shi, cikin fadamar da ke kusa da filin jirgin sama, inda yanzu mutane suka yi gidaje.

Daga nan zuwa kwalara tafiyar ba ta da nisa. A 1971 ta fara shigo Duwala, kuma ba ta taɓa yin sallama ta gaskiya ba. A Janairun 2004 ta ɓarke a Bepanda, ta bazu zuwa New Bell da Nylon, ta kama mutane fiye da 5,000 a birnin. A lura da watan. Janairu tsakiyar rani ne a Duwala, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, ruwan da ya rage ya yi kauri da ƙazanta, zafi kuma ya ba ƙwayar cutar damar yaɗuwa. Da damina ta shigo sai ambaliya ta karɓi aikin. Ruwa ya yi yawa cuta, ya yi kaɗan cuta, sauyin yanayi kuwa duka ɓangarorin yake tsanantawa. Annobar da ta fara a ƙarshen 2021 ta kama dubban mutane a faɗin ƙasar, a 2022 ta shiga gidan yarin New Bell, wanda ke ɗauke da mutane ninkin-ba-ninkin abin da aka gina shi dominsa, ta kashe wasu daga cikin fursunoni.

Kada dai a ruɗe mu. Kwalara ta riga zancen sauyin yanayi zuwa Duwala. Akwai wata sabuwar ɗabi'a da nake gani a wajen masu riƙe da muƙamai a ƙasashenmu: ruwa ya ci unguwa, sai a zo da 'yan jarida da buhunan shinkafa, a ce abin duniya ne baki ɗaya, har Turai ma ana ambaliya. Sama ba ta da ofis, ba a kai mata ƙara, don haka ta zama wurin jingina laifi mai sauƙi. Alhali ba gajimare ne ya hana a yashe kwata a watan Afrilu ba, ba shi ne ya bar bola ta yi sati a bakin titi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da sauyin yanayi ke yi shi ne ya ƙara wa tsohon sakaci tsada, kuma da rayuka ake biya.

Sauron da Jamusawa suka fake da shi yana nan, ya ma ƙara wayo. Binciken da masana suka yi a Duwala da Yawunde ya nuna sauron zazzaɓi ya koyi hayayyafa a ruwa mai dauɗa wanda da ba ya iya rayuwa a ciki, kuma maganin da ke jikin gidan sauro bai cika kashe shi kamar da ba. Kamaru tana cikin ƙasashe goma sha ɗaya da suka fi ɗaukar nauyin wannan cuta a duniya. A Janairun 2024 ta zama ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran yara na yau da kullum, abin a yaba. Sai dai allura ba ta busar da kududdufi.

Zafi kuwa shi ne wanda ba a lissafa shi sam. Zafin Duwala ba irin na Marwa ko Sakkwato ba ne. Ma'auni ba ya hawa can sama, amma iska a jiƙe take, gumi ya fito ya ƙi bushewa, jiki ya rasa hanyar huce kansa. Da dare kwanon rufi ya saki zafin da ya sha da rana a ɗakin da tagarsa guda ce, tana kallon bangon maƙwabci, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Tsoho mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu, jariri ɗan kwanaki, su ke fara jin jiki. Ka tuna da mai suya da ke tsaye gaban garwashi tun la'asar, da mai turin amalanke a Babbar Kasuwa, da ɗan bensikin da ke yini a kan babur. A 'yan shekarun nan azumi ma a Fabrairu da Maris yake faɗowa, watannin da suka fi zafi a birnin. In irin wannan mutum ya faɗi, takardar asibiti za ta ce zuciya ce ko ƙoda. A gida a ce kwana ne ya ƙare. Ba inda za a rubuta zafi, abin da ba a rubuta ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi.

To ina dokoki? Akwai su, har da yawa. Gabatarwar tsarin mulkin 1996 ta ce kowane mutum yana da haƙƙin zama a muhalli mai lafiya. A Janairun wannan shekara aka yi babbar dokar kiwon lafiya, a ranar 5 ga Agusta aka yi ta kula da muhalli. Dokar ruwa ta zo a 1998. A Disambar 2009 aka kafa hukumar sa ido kan sauyin yanayi, ONACC, amma sai a 2015 aka naɗa mata shugabanni. A 2015 ɗin aka fitar da shirin ƙasa na jure wa sauyin yanayi, a 2016 aka amince da yarjejeniyar Paris, a 2021 aka yi alkawarin rage hayaƙi da kashi 35 cikin 100 kafin 2030. Hukumar da umarnin shugaban ƙasa aka kafa ta, shirin kuma takardar ma'aikata ce. Shiri ba ya ɗaure kowa. In minista bai aiwatar ba, ba kotun da matar da ɗanta ya mutu da amai da gudawa za ta je ta tsaya.

Dokokin da suke ɗaure mutum da gaske su ne masu hani. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta haramta gini a wuraren da ambaliya ke ci. A takarda ba wanda zai ja da wannan. A ƙasa kuwa, ma'anarta ita ce wata safiya ka fito ka tarar da gicciyen jan fenti a bangonka, bayan wani lokaci katafila ta iso da 'yan sanda. Bayan ambaliyar 2015 haka aka yi a Makepe-Missoke. Tarkon kuma yana da baki biyu. Tun dokokin filaye na 1974, takardar mallaka ce kawai shaidar da hukuma ke karɓa cewa fili naka ne, da yawa daga gidajen tsofaffin unguwanni kuwa ba su da ita, ko da kaka ne ya gina. Dokar 1985 ta karɓar fili domin amfanin jama'a kuma ba ta ba da diyya ga ginin da aka yi ba bisa ƙa'idar tsara gari ba. Haɗa biyun ka ga sakamako: unguwar da hukuma ta ƙi tsarawa, yau ana iya rushe ta kyauta saboda ba a tsare take ba. Wanda aka rushe wa ba ya ɓacewa. Kwanonsa yake kwasa ya nausa cikin wata fadamar da ta fi wadda ya baro ruwa, nesa da famfo, nesa da asibiti. A Mayun 2022 aka rushe gidaje a Dikolo, cikin Bali, domin a gina otel, a unguwar jikokin mutanen da aka kora daga Joss. In masu gari ba su tsira ba, ina ga jikan fatake?

Haka zancen leda. A Oktoban 2012 ministocin muhalli da na kasuwanci suka haramta siraran ledoji, hanin ya fara aiki a Afrilun 2014. Leƙa kowace kwata a Kasuwar Kongo ka gaya mini. Lokaci-lokaci a kai samame a ƙwace wa 'yan tireda, ledar kuma ta ci gaba da shigowa ta inda take shigowa.

Akwai kuma wata cuta da dokokin ƙasar nan ke fama da ita, wato barci. Tsarin mulkin 1996 ya tanadi majalisar dattawa, sai a 2013 ta zauna. Ya tanadi majalisar kare tsarin mulki, sai a 2018. Majalisun jihohi sai a 2020. Sashe na 66, wanda ya ce manyan jami'ai su bayyana dukiyarsu, an yi masa doka a 2006, ana nan ana jira. Hanyar kwantar da doka sananniya ce: a rubuta cewa za a fayyace yadda za a aiwatar da ita ta umarnin da zai biyo baya, umarnin kuma ya ƙi biyowa. Dokar yanayi da ba a sa wa kowane sashe nata ranar fara aiki ba, a wannan ɗakin za ta kwana.

Maƙwabtanmu sun riga mu, ya kamata mu duba abin da suka girba. A Nuwamban 2021 shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi ta Najeriya, wadda Sam Onuigbo ya ɗauki nauyinta a majalisa. Ta kafa majalisar ƙoli da shugaban ƙasa ke jagoranta, ta yi zancen ƙayyade hayaƙi da asusun kuɗi. Shekara guda bayan haka ambaliya ta kashe mutane fiye da 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ba na ce dokar ce ta jawo ba. Cewa nake fuskarta tana kallon zauren taron duniya, bayanta ne ke kallon unguwa. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ƙasa irin tamu ta ɓata rabin dokarta a kan lissafin hayaƙi, rabi a kan cinikin iskar dazuzzuka, ta yi aikin wasu ne ta bar nata.

Abin da ya fi burge ni a Kenya yake, kuma ba dokar ƙasa ta 2016 ba, a'a, abin da wasu gundumomi suka yi. Wajir, yankin makiyaya Musulmi mai fama da fari, ta yi doka a 2016 cewa kashi 2 cikin 100 na kasafin ayyukan raya ƙasa dole ya shiga asusun yanayi. Makueni ta ware kashi 1. Mafi yawan kuɗin kwamitocin mazaɓu ne ke zaɓar abin da za a yi da shi, mutanen da suka san wace rijiya ce ke ƙafewa da wuri. Kuɗin ba su da yawa, amma an san adadinsu, an san hannun da suke.

Irin wannan nake so a gani a Duwala ta Biyu, ƙaramar hukumar da New Bell take ciki. Doka ta ambaci jami'i da muƙaminsa, ta ce wane ne ke da alhakin yashe kowace babbar magudana, kuma a gama kafin ƙarshen Mayu, a liƙa jadawalin a ƙofar ofishin magajin gari yadda mai unguwa zai iya zuwa ya karanta. An kashe biliyoyin sefa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wajen gina manyan magudanai na siminti a birnin. Aiki ne mai kyau. Amma magudanar da ba a yashewa tafkin sauro ce mai tsada, kuma gina ta ake yi wa biki, ba a yi wa yashe ta. Doka ta wajabta gwada ruwan rijiyoyi da na burtsatse a unguwannin da aka san kwalara na fara ɓulla, a faɗa wa masu gida sakamako, a raba maganin tsarkake ruwa kafin damina, ba bayan an fara ɗaukar gawa ba. Ta wajabta wa birni wurin sarrafa abin da ake kwasowa daga masai, da farashin da mai gidan haya zai iya biya, don a daina jiran ruwan dare.

ONACC tana fitar da hasashe da gargaɗi duk kwana goma, har da abin da ya shafi lafiya. Da Faransanci da Turanci suke fitowa, a intanet. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a Makea ba ta taɓa jin labarinsu ba. Me zai hana doka ta ce gargaɗi ya isa unguwa da Hausa da Fulatanci da Pijin da harsunan gari, ta rediyo da lasifikar masallaci da ta coci, sannan ta ce da zarar gargaɗi ya kai wani mataki, asibitin gunduma na New Bell da na Nylon su tanadi ruwan gishiri da sukari da gadaje? Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutane fiye da 1,300 a zafin 2010, a 2013 ya fito da shirin da bai wuce wannan ba: gargaɗi, ruwan sha, inuwa, ma'aikatan asibiti da aka koya wa gane bugun zafi. Freetown ta naɗa jami'ar kula da zafi a 2021, ta kafa wa matan kasuwa rumfuna. Ba abin da ya fi ƙarfin Duwala a nan.

Sashen da zan tsaya a kai ko da za a zubar da sauran shi ne na rusau. Akwai gidajen da dole su tashi, wanda aka gina a kan bakin magudana ba shi da hujja. Amma doka ta ce ba a rushe gidan da mutane ke kwana a ciki da sunan ambaliya ko lafiya sai an ba su sanarwa a rubuce, an saurare su, an nuna musu inda za su koma, mai takardar fili da marar ita, har da ɗan haya. Kuma awon da aka yi wa bukka a yi wa bene da ma'ajiyar kamfani da aka cike fadama aka gina. In ba haka ba, sauyin yanayi zai zama sabon sauron Jamusawa.

Za a ce ina kuɗi. Tun 2019 ana karɓar haraji na musamman a kan kayan da ake shigo da su domin kwasar shara, kuma ta tashar Duwala mafi yawan kayan ke shigowa. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta ce kason da za a ba su kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, magadan gari suna ta kukan abin bai kai hannunsu ba. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Kamaru da wajen dala miliyan 183 domin jure wa sauyin yanayi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi, namu bai kai rabin haka ba, shi ya sa wajen kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fita. Talakan New Bell ya riga ya fara biyan kuɗin sauyin yanayi, a kantin magani yake biya, ba rasit ba godiya.

Mu ma muna da namu kason. Ledar da ta toshe kwata ba daga Yawunde aka aiko ta ba. Mahautanmu sun san inda suke zubar da jini da tumbi. Akwai alhazan da suka ƙara shago a kan magudana, kowa ya gani ya yi shiru don kunya. Al'ummar da ke iya tara kuɗin gina masallaci hawa biyu tana iya ɗaga bakin rijiya ta yi mata murfi. Limami da zai ware huɗuba guda kafin damina a kan tazarar masai da rijiya bai fita daga babin tsarki ba. Unguwar kuma ƙara cika take. Rikicin ruwa tsakanin masunta da makiyaya a Logone-et-Chari a 2021, da ambaliyar da ta ci Yagoua da kewayenta a 2024, sun tayar da dubban mutane, wanda ya gangaro kudu kuwa gidan ɗan'uwa yake nema, ɗan'uwan kuma a New Bell yake, ko Briqueterie ta Yawunde. Ba ma korar baƙo. Amma masai guda da mutum goma ke shiga jiya, yau ashirin ne.

Majalisar dokoki tana da kujeru 180, ta dattawa 100, suna zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba. Kusan duk dokar da suke amincewa da ita daga gwamnati take fitowa, don haka daftari a ma'aikata ake dafa shi, yawanci da ƙwararrun da ba su taɓa cire takalmi sun ratsa lungu ba. Ƙungiyar 'yan majalisa da ta fi yin magana kan muhalli, REPAR, a kan dazuzzuka aka kafa ta. Ba mai kawo zancen rijiya da masai in ba masu su ba. Sarakunan unguwanni, limamai, ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa suna da 'yan majalisar yankin Wouri da ke zuwa neman ƙuri'a har tsakar gida. Su gayyace su kafin zaman Nuwamba, wanda shi ne na kasafin kuɗi, su tambaye su nawa aka rubuta wa magudanan Duwala ta Biyu, wa zai riƙe kuɗin, kuma wace rana za a fara yasa. Su nemi amsar a rubuce, don a karanta ta a masallacin Juma'a a watan Mayu.